Kujera Ɗaya Ga Ƙananan Hukumomi Huɗu: Mahuta Da Iyakokin Da Ba A Taɓa Ba Tun 1996

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Koko ta nufi Dabai, ya ratsa gonakin dawa da duwatsun ƙasar Fakai, ba makawa ya yada zango a Mahuta, hedikwatar ƙaramar hukumar Fakai ta masarautar Zuru. Kuma da zai tambayi mutanen garin wane ne wakilinsu a Majalisar Wakilai ta Tarayya, da sun faɗa masa suna ba tare da jinkiri ba, amma da zai ƙara da tambayar mutum nawa ne suka yi tarayya da su a cikin wannan wakili guda, da kaɗan ne za su iya kawo adadi. Adadin kuwa ga shi, bisa ƙidayar 2006, wadda ita ce ta ƙarshe da aka yi a ƙasar nan: Fakai tana da mutum kimanin 120,000, Zuru kimanin 165,000, Sakaba kimanin 90,000, Danko-Wasagu kuwa kimanin 265,000. Idan aka haɗa su an tasar wa 640,000, kuma dukansu mazaɓa ɗaya ce, kujera ɗaya, murya ɗaya a cikin muryoyi 360 da ke zauren majalisa a Abuja.

Wannan adadi ba zai nuna nauyinsa ba sai an ɗora shi a mizani tare da ɗan'uwansa. A cikin wannan jiha ta Kebbi, mai kujeru 8 a Majalisar Wakilai, mazaɓar Argungu da Augie mutanenta kimanin 315,000 ne a wannan ƙidaya, ta Koko-Besse da Maiyama kuma kimanin 330,000. Idan kuwa aka raba jama'ar Nijeriya duka, wato miliyan 140 da 'yan kai, gida 360, kowace kujera za ta tashi da mutum wajen 390,000. Ma'anar wannan a fili take: ƙuri'ar manomin Mahuta, a wajen naɗa wanda zai yi magana da yawunsa a kan haraji da kasafin kuɗi da tsaro, ba ta wuce rabin nauyin ƙuri'ar masuncin Argungu ba, alhali kuwa tsarin mulki ɗaya ne ya kira su 'yan ƙasa, kuma layi iri ɗaya suka bi a rana kafin su dangwala. Ban faɗi haka domin in ce mutanen Argungu sun ci haƙƙin wani ba, don ba su ne suka riƙe alƙalami ba. Tawayar tana cikin taswirar kanta, taswirar kuwa tana da tarihi.

A ranar 27 ga Agusta 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire jihar Kebbi daga tsohuwar jihar Sakkwato, a watan Nuwamba na wannan shekara kuma aka ƙidaya jama'ar ƙasa aka sami kusan miliyan 89. Bayan shekara biyar, a zamanin Janar Sani Abacha, aka ƙara jihohi suka zama 36, aka ƙara ƙananan hukumomi har suka kai 774, na Kebbi suka zama 21, Fakai tana cikin sababbin. A wannan shekara ta 1996 ce kuma hukumar zaɓe ta wancan lokaci ta shata iyakokin mazaɓun da muke zaɓe a kansu har yau. An yi babban zaɓe a kan wannan taswira a 1999, aka sake a 2003 da 2007 da 2011 da 2015 da 2019 da 2023, sau bakwai ke nan, ba a gusar da iyakar mazaɓar tarayya ko taku ɗaya ba. Yaron da aka raɗa wa suna a Mahuta a shekarar da aka ja layin, yau magidanci ne mai iyali, amma rigar da aka ɗinka wa mazaɓarsa tun yana goye ita ake sa mata har yanzu, ba a taɓa buɗe ɗinkinta ba.

To, me shari'ar ƙasa ta ce? Kundin tsarin mulki na 1999 bai bar wannan al'amari a hannun gwamna ba, bai kuma bar shi a hannun majalisar jiha ko ƙaramar hukuma ba. Sashe na 71 ya ɗora wa hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, alhakin raba kowace jiha gida uku domin Majalisar Dattawa da raba ƙasa duka gida 360 domin Majalisar Wakilai. Sashe na 72 ya gindaya sharuɗɗa: kada mazaɓa ta tsallaka iyakar jiha, ƙasarta ta kasance a haɗe gwargwadon hali, yawan mutanenta kuma ya yi kusa da matsakaicin kaso iyakar abin da zai yiwu. Sashe na 73 shi ne ya zo da maganar lokaci, inda ya ce hukumar za ta riƙa sake duba rabon, amma tsakanin dubawa da dubawa kada tazarar ta gaza shekara goma, sai fa in an sauya jihohi ko iyakokinsu ko an yi sabuwar ƙidaya. Sashe na 74 kuma ya ƙara wani takunkumi, cewa duk sauyin da aka yi ba zai fara aiki ba sai majalisun tarayya biyu sun amince, kuma sai wa'adin majalisar da ke zaune ya ƙare.

Mai karatu zai fi gane hikimar wannan haddi na shekara goma idan ya leƙa ƙasar da ba ta da shi, wato Amurka, wadda daga wurinta muka kwaso fasalin mulkin shugaban ƙasa a 1979. Can ana ƙidayar jama'a duk shekara goma tun 1790 ba fashi, a raba kujeru 435 tsakanin jihohi bisa sakamakon, sa'an nan kowace jiha ta shata nata mazaɓun, kuma a mafi yawan jihohin 'yan majalisar jiha ne ke riƙe da alƙalamin, wato 'yan siyasa ne ke zaɓen waɗanda za su zaɓi abokansu. Al'ada ta gudana a kan cewa sau ɗaya ake yin wannan aiki bayan kowace ƙidaya, amma al'ada ce kawai, babu wata dokar tarayya da ta hana a sake. A 2003 jam'iyyar Rifablikan ta sake zana taswirar jihar Teksas a tsakiyar zango, aka kai ƙara, a 2006 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce tsarin mulki bai hana hakan ba; a 2019 kuma ta ƙara da cewa kotunan tarayya ba su da hurumin shiga ƙarar da aka kawo a kan an karkata iyaka domin amfanin wata jam'iyya.

Da ƙofa ta buɗe haka, sai aka shiga. A daminar 2025, bisa kiran Shugaba Donald Trump, majalisar Teksas ta sake zana mazaɓunta da nufin ƙara wa Rifablikan kujeru biyar, har 'yan majalisar ɓangaren Dimokurat suka fice daga jihar na ɗan lokaci domin kada adadin masu zama ya cika. Jihar Kalifoniya ta mayar da martani a watan Nuwamba da ƙuri'ar raba gardama wadda ta ba ta damar zana taswirar da za ta rama wa Dimokurat biyar ɗin. Misuri da Karolina ta Arewa suka bi sahu. A Indiyana kuwa dattawan majalisar jiha, waɗanda galibinsu 'yan jam'iyyar shugaban ne, suka ƙi a watan Disamba. A cikin wannan rububi, waɗanda ƙurar ta fi bugawa su ne hukumomin birane da gundumomi, domin a can su ne ke gudanar da zaɓe da hannunsu: su za su sake rarraba rumfuna, su sake rubuta wa kowane mai zaɓe takarda, su biya kuɗin aikin daga aljihun masu biyan harajinsu. Birnin Kansas na Misuri an tsaga shi gida uku, aka liƙa kowane yanki da ƙauyuka masu nisa, magajin garin ya yi ta kuka ba a saurare shi ba. Daga nan ne wasu 'yan majalisar tarayya, har da Kevin Kiley na Kalifoniya, suka gabatar da ƙudurin hana sake shata mazaɓu a tsakiyar zango, ra'ayin masu riƙe da ƙananan hukumomi kuma yana iya rabuwa biyu a kan irin wannan: mai neman natsuwa yana son haddin, mai tsoron dogon hannun gwamnatin tarayya yana ɗari-ɗari da shi.

Abin da wasu Amurkawa ke roƙo yau, mu an rubuta mana shi tun da daɗewa, kuma ina ganin wajibi ne a yaba wa waɗanda suka rubuta. A ƙaddara alƙalamin shata mazaɓu yana hannun gwamnonin jihohinmu, babu haddin lokaci, babu buƙatar amincewar kowa. Ba sai an yi dogon istinbaɗi ba kafin a san abin da zai faru, domin misalinsa yana gabanmu a zaɓen ƙananan hukumomi, wanda hukumomin zaɓe na jihohi ke gudanarwa, inda a kusan kowace jiha jam'iyyar gwamna ke kwashe kujerun ciyamomi kaf. Da haka abin yake, da ƙaramar hukumar da ta saɓa wa gwamna a zaɓen bana ta wayi gari an yanka ta an rarraba wa maƙwabta kafin na baɗi, kuma da yankuna irin ƙasar Zuru, masu harsuna da yawa da addinai a cakuɗe, su ne farkon shan wuƙar. Saboda haka duk ciyaman ko kansilan da ya yi tunani mai zurfi, a ganina, ba zai so a cire wannan kariya ba.

Amma fa kariyar ta zo da giɓi, kuma ta wannan giɓi ne haƙƙin Mahuta ya zurare. Dokar ta faɗi mafi ƙarancin tazara, ba ta faɗi mafi yawanta ba. Ta hana gaggawa, ba ta hana jinkiri ba. Don haka hukumar da ta shekara talatin ba ta taɓa taswira ba tana iya cewa ba ta keta komai ba, tunda talatin ba ta gaza goma ba. An yi ƙidayar 2006, wadda ita kaɗai ta isa hujjar sake rabo bisa sashe na 73, hukumar zaɓe a ƙarƙashin Farfesa Maurice Iwu ta ɗauko aikin, bai kai gaci ba. Farfesa Attahiru Jega, ɗan wannan jiha, wanda ya shugabanci hukumar daga 2010 zuwa 2015, ya sake ɗauko shi, shi ma zaɓe ya ƙarato aka ajiye. A 2014 ya gwada abin da ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba, wato ƙara rumfunan zaɓe kimanin 30,000, sai ƙasa ta ɗauki zafi saboda mafi yawansu sun faɗo Arewa, dole aka janye; sai a 2021, zamanin Farfesa Mahmood Yakubu, rumfuna suka tashi daga 119,974 zuwa 176,846. Idan ƙara wurin da mutum zai tsaya ya jefa ƙuri'a ya ci shekara bakwai ana jayayya, sai a auna abin da ɗauke kujera daga wata jiha a kai wata zai tayar. Ƙidayar da aka shirya yi a watan Mayu 2023 kuma aka ɗage ta, ga shi har yau muna lissafi da alƙaluman 2006.

Akwai kuma wani cikas da ba a cika ambata ba: majalisar da aka ce sai ta amince da sabon rabo, mambobinta su ne waɗanda tsohon rabo ya kawo. Malaman fiƙihu ba su karɓar shaidar mutum a kan abin da yake da amfani a cikinsa, kuma dalilinsu bai tsufa ba.

Wani zai ce, to mene ne a cikin kujerar majalisa da za a yi ta dogon bayani? Amsar tana wurin wanda ya san yadda ake rabon abin gwamnati a ƙasar nan. Ayyukan mazaɓu da ake cusawa cikin kasafin kuɗi, rijiyoyin burtsatse da azuzuwa da ɗakunan shan magani da fitilun kan titi, sun fi bin kujera a kan bin yawan kawuna. Guraben aiki da na horo da ke biyowa ta hannun wakilai su ma haka. Kuma wakili ɗaya, ko da shi ne mafi himma a zauren, yini ɗaya gare shi kamar kowa. Honorabul Kabir Ibrahim Tukura, wanda aka zaɓa a 2019 aka sake zaɓa a 2023, da waɗanda suka riga shi, irin su Bala Ibn Na'Allah, an ɗora musu ƙasa mai faɗin da ya tashi daga Mahuta da Bajida ya bi ta Zuru da Dabai da Ribah da Wasagu har Dirin Daji, mai Dakarkari da Fakkawa da Bangawa da Dukkawa da Kambari da Acifawa da Hausawa da Fulani, Musulmi da Kirista da masu bin al'adar kakanni. Kuma wannan ƙasa ce 'yan bindiga suka fi addaba a jihar cikin 'yan shekarun nan: a watan Maris 2022 aka kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a yankin Sakaba, a watan Nuwamba 2025 aka kwashe 'yan mata daga makarantar Maga ta Danko-Wasagu, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kiyaye na raye. A irin wannan hali, bambanci tsakanin baki ɗaya da baki biyu a gaban masu raba sojoji da kayan agaji ba ƙaramin abu ba ne. Ƙaramar hukuma mai ƙarancin jama'a kamar Fakai kuwa, idan ta shiga tarayya da uku a kan kujera ɗaya, sai dai ta dogara ga karɓa-karɓa da alƙawarin jam'iyya, waɗanda babu kotun da ke tilasta cika su.

Wata hujja ma tana cikin taswirar kanta. Majalisar Dokokin Kebbi kujeru 24 gare ta, wato uku-uku ga kowace mazaɓar tarayya idan an yi rabo daidai. Amma mazaɓar Zuru ita kaɗai biyar ta ɗauka, Fakai ɗaya, Zuru ɗaya, Sakaba ɗaya, Danko-Wasagu biyu, yayin da Argungu da Augie ke da biyu, Koko-Besse da Maiyama ma biyu. Hannun da ya ga ƙasar Zuru ta cancanci biyar cikin 24 a Birnin Kebbi, shi ne ya ba ta ɗaya cikin 8 a Abuja.

A duk wannan, ina muryar ƙaramar hukuma? Idan aka bi sassan da na ambata ɗaya bayan ɗaya ba za a ga inda aka ce a tuntuɓe ta ba. Wurin da tsarin mulki ya ba kansiloli baki shi ne sashe na 8, wajen ƙirƙirar sabuwar ƙaramar hukuma ko gyara iyakar tsohuwa, inda ake buƙatar goyon bayan kashi biyu cikin uku na wakilan yankin. Ko a nan ma, ga sabuwar ƙaramar hukuma, kalmar ƙarshe ta Majalisar Tarayya ce. Jihar Legas ta gwada wannan iyaka zamanin Gwamna Bola Tinubu, ta ƙara 37 a kan 20 da take da su, Shugaba Olusegun Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumominta, sai Kotun Ƙoli a watan Disamba 2004 ta raba gardama da cewa shugaban ba shi da ikon riƙe kuɗin, sababbin hukumomin kuma ba su cika ba sai Majalisar Tarayya ta shigar da sunayensu. Shi ya sa har yau adadin yana nan 774. A ɓangaren mazaɓu kuwa, hanyar da ta rage wa al'umma ita ce kotu, kamar yadda ƙaramar hukumar Oju ta jihar Binuwai ta kai hukumar zaɓe ƙara a kan kujerar majalisar jiha da aka danne mata, har aka mayar. Wannan nasara ce abar yabo, sai dai shari'a tana mayar da abin da aka ƙwace ne, ba ta iya zana sabuwar taswira.

Yanzu ga inda maganar ta yi tsauri, kuma ina roƙon mutanen Mahuta su tsaya a nan da kyau, domin gyaran da ake nema yana iya zuwa ta fuskar da ba su zata ba. Adadin 360 a rubuce yake cikin sashe na 49, ba ya ƙaruwa sai an gyara tsarin mulki. Jama'ar Kebbi a 2006 miliyan 3 ne da kusan dubu 260, idan aka raba da 390,000 ana samun takwas da 'yan ɗori, wato da wuya jihar ta sami kujera ta tara a kan waɗannan alƙaluma. Saura ke nan a gyara rabon cikin gida, kuma hanyoyinsa ba su da yawa: ko a tattara mazaɓun arewa da tsakiyar jihar a matse su domin a fitar da kujera ɗaya a kai kudu, abin da masu kujerun ba za su karɓa da murmushi ba, ko kuwa a rage wa mazaɓar Zuru nauyi ta hanyar ɗauke ƙaramar hukuma ɗaya a haɗa da maƙwabta. Ma'aikacin da ke zaune a ofis a Abuja da taswira da na'urar lissafi, idonsa zai faɗa kan Fakai, domin ita ce ke gefen yamma, hanyarta ta miƙe zuwa Koko: a cire 120,000 daga 640,000 saura 520,000, a ƙara su a kan 330,000 su zama 450,000, lissafi ya matso kusa da daidai. A takarda wannan adalci ne. Amma Fakai ɗaya ce daga cikin ƙasashen sarauta biyar na masarautar Zuru, tare da Dabai da Danko da Sakaba da Wasagu, auratayya da kasuwanci da bukukuwa da makoki sun ɗaure ta da su, kuma ina kyautata zaton da yawa daga mutanenta za su zaɓi zama da 'yan'uwa a kan rabin ƙuri'a da a kai su inda za su zama 'yan tsiraru a kan cikakkiya. Wasu kuma za su zaɓi akasin haka, suna da hujjarsu. Abin da ba shi da hujja shi ne a yanke wannan hukunci ba tare da an tambaye su ba.

Ƙasar Zuru ta san ɗanɗanon a ja layi a kanta daga nesa. Zamanin En'e tana cikin Lardin Neja, a 1967 ta shiga jihar Arewa maso Yamma, a 1976 da aka kafa jihar Neja aka bar ta a ɓangaren Sakkwato, a 1991 ta tsinci kanta a Kebbi. Neman da take yi na jihar Kainji, wadda taron ƙasa na 2014 ya sa cikin jihohin da ya ba da shawarar a ƙirƙiro, wani reshe ne na wannan daɗaɗɗen jin cewa ana yanke mata al'amari a bayan idonta. Duk hukumar da za ta taɓa iyakar mazaɓa a wannan yanki ba tare da ta san wannan tarihi ba, za ta yi mamakin zafin da za ta tarar.

Ra'ayina dai shi ne a bar alƙalami inda yake, a hannun hukumar ƙasa, a bar haddin shekara goma yadda yake, sa'an nan a toshe giɓin da abu biyu. Na farko a sa wa'adi na sama, ta yadda bayan kowace ƙidaya sake rabo zai zama farilla a kan hukumar cikin ƙayyadadden lokaci, kuma idan majalisa ta karɓi rahoto ta yi shiru har wa'adi ya wuce, a ɗauki shirun a matsayin yarda. Ita ƙidayar ma a sa mata lokaci a cikin tsarin mulki, domin a yanzu babu sashen da ya tilasta yin ta duk shekara goma. Na biyu a wajabta shawara, kuma shawarar gaske: kafin a tabbatar da taswira a liƙa daftarinta a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma da abin ya shafa, a karanta shi da Hausa da harsunan wurin, a zauna a Mahuta a saurari kansilolin gundumomi goma na Fakai da sarakuna da limamai da fastoci da ƙungiyoyin mata da matasa, a rubuta abin da suka ce, hukumar kuma ta amsa a rubuce idan ta saɓa musu. Ban ce a ba ƙaramar hukuma ikon hawa kujerar na-ƙi ba, don da an yi haka babu iyakar da za ta taɓa motsi. Na ce a ba ta haƙƙin a ji ta, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da ake bin mai riƙe da amanar jama'a.

Wannan kuwa yana da sharaɗin da ya rataya a wuyan ƙananan hukumomin kansu. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa ba su kasonsu kai tsaye kuma ya haramta mulkin kantomomin riƙo, ya ba majalisunsu wata martaba a shari'a da suka daɗe ba su da ita, ko da yake aiwatar da shi yana tafiyar hawainiya. Amma majalisar da ba ta zama, ko wadda take jiran waya daga gidan gwamnati kafin ta buɗe baki, shawararta ba za ta yi nauyi a gaban kowa ba. Babu dokar da ta hana majalisar ƙaramar hukumar Fakai ta sa wannan batu a ajandarta tun yanzu, ta gayyaci takwarorinta na Zuru da Sakaba da Danko-Wasagu, su tattauna wace hanya suka fi so da wadda ba za su lamunta ba, su rubuta matsaya ɗaya da alƙalumanta, su aika wa hukumar zaɓe da kwamitocin gyaran tsarin mulki na majalisun tarayya ta hannun wakilinsu da sanatan Kebbi ta Kudu. Zaɓen 2027, bisa dukkan alamu, a kan taswirar 1996 za a yi shi, kuma sashe na 74 ya nuna cewa gyaran da aka amince da shi bayan an rantsar da wannan majalisa mai zuwa ba zai fara aiki ba sai a zaɓen 2031.